Shekarar da Shari'a Ta Jira Shuka

Bana ruwa ya yi jinkiri. Hadari yakan haɗo da la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman mafaka, sai iska ta taso ta watsa shi, a bar mu da zufa. Ina zaune a gindin darbejiya ina tsinkar zogale, rediyo na gefena, sai na ji ana hira a kan wani Farfesa da ya aje aiki. Suka ce da majistare ya fara tun yana saurayi, ya zagaya kotunan wajenmu, daga baya ya koma karatu, ya shige jami'a yana koyar da shari'a har kanshi ya yi fari. Suka ce alƙalai da lauyoyi da yawa ta hannunshi suka bi. Da aka sako muryarshi sai na aje tiren. Ta tsufa, ta ɗan dishe, amma halin nan nashi yana nan: ya yi tambaya, ya yi shiru, ya jira amsa kamar ba shi da wani wurin zuwa.

Sau ɗaya na taɓa ganinshi da idona. Masu rediyo ba su san da wannan ranar ba, shi kanshi ban ce yana tune da ita ba.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, lokacin da ake ta cewa kuɗin mai sun shigo ƙasa. Mu a ƙauyenmu, can bayan Yargoje, motocin kuɗin kawai muka gani. Tifofi ne ke wucewa da tsakuwa, suna kwashe samari. Ƙannen maigidana biyu duk sun bi su zuwa Kaduna leburanci. Da sallah suka zo da agogo da wanduna masu faɗin ƙafa, suka kwana biyu suka koma. Gandun da a da maza ke cika shi ya rage daga maigidana sai uwarshi, Inna, sai ni da Uwani a bayana. Ita ce ɗiyata ta fari, sunan Inna ta ci, lokacin ko zama ba ta gama iyawa ba.

Damina ta baya gero ya tsotse, dawa ta bushe a tsaye. Kafin bazara rumbu ya zama wurin kwanan ɓeraye, su ma daga baya suka tashi. Da asuba nake fita rijiya. Guga ya sauka, ya daɗe, ya fito da rabin laka, in kawo in aje a randa sai ya kwanta kafin a sha. Inna kuma ta ɗauki ƙwarya ta bi gindin itatuwa, ta dawo da ganyen aduwa, ko ƙwallon goruba, ko abin da Allah ya hore. Da rana kunun dusa. Da yamma, in an samu jar dawar nan ta agaji, a yi tuwon da ba ya kama ciki. Zafi kuwa, in ka taɓa bangon ɗaki da azahar sai ka janye hannu. Hatsi ɗaya ya rage a gidan, shi ne iri, gero a cikin tulu, an zuba mashi toka an liƙe bakin da laka. A ɗakin Inna yake, daidai kanta. Ko kallonshi ba ta so a cika yi.

Ni dama mutum ce mai fargaba tun ina gidanmu, to a shekarar abin ya samu wurin zama. Nonona ya ƙafe. Uwani ta kama ta ja, ta saki, ta dube ni. Maɗigarta ta faɗa. A wuni ban san sau nawa nake kwance goyo in sa yatsa a hancinta in ji ko tana numfashi ba. Abin da ya riƙe ta shi ne saniyarmu, ita kaɗai ta rage, tana ba da abin da bai cika ludayi biyu ba. Ita ma sai ta ci za ta ba da. Ciyawa ta ƙare, kara ya ƙare, har jinkar tsohon rumbu maigidana ya sauke ya ba ta.

Daga nan ne ya fara shiga gandun daji. Hukuma ta shata shi, ta hana sara. Amma a can ne maɗobiya ke fitar da sabon ganye tun kafin ruwa, kore shar, ga kuma saniya tana mutuwa a tsaye. Yanzu ba doka ce ke hana mutane shiga dajin nan ba, kowa ya san abin da ke hana su. A lokacin kuwa ma'aikatan gandun daji kaɗai ake tsoro. Yakan tafi da sassafe da gatari, ya dawo da hantsi da damin ganye a ka. Rannan hantsi ya yi, azahar ta yi, shiru. Wani Bafillace ne ya tsaya a ƙofar gida ya ce ya ga an wuce da shi, an nufi Kankara.

Inna ta yi salati. Can ta ce, "To, Allah shi sa can ana ba su abinci."

Baba Ɗanjuma, ƙanen uban maigidana, shi ya je ya jiyo. Ya dawo ya zauna a zaure yana fifita da hula. Ya ce maganar ba gaban alƙalin da muka sani take ba, gaban majistare take, mai kwat, wanda ke yawon rangadi, ya zauna Sabuwa, ya zauna Faskari, sannan ya iso Kankara. Kafin ya zo, sai in wani ya tsaya beli.

Inna ta ce, "To ka tsaya mashi mana."

"Ni? Ke kin san beli kuwa? In ya yi tari a kotu ni za a kama."

Haka duk mutanenmu suka ɗauka a lokacin, wai wanda ya tsaya wa mutum shi ke ɗaukar ɗaurin. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Babu wanda ya tsaya. Ni na koma ina yanko wa saniya ganyen darbejiya, tana ci tana yamutsa fuska.

Ana gobe majistare zai zauna, ruwa ya sauko. Da la'asar iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Sai wani sanyi ya biyo ta ƙasa, sai ɗigo manya-manya, kowane ya faɗi ya ta da 'yar ƙura. Ƙamshin ƙasa ya cika gida har na ji yawu ya taru a bakina. Muka fito da tukwane da ƙore da duk abin da ke da baki. Inna ta tsaya a tsakar gida, ruwa na bin fuskarta, ta ƙi shiga. Na yi murna har na manta, sai da na ga sungumi jingine a bango sannan gabana ya faɗi. Ga ruwa, babu mai sara.

Da safe Inna ta zagaya bayan gida ta tona ƙasa, ta cusa hannu. Danshi ya kai mata wuyan hannu.

Ta ce, "Wanga ruwan shuka ne. In anka bari rana ta dake shi kwana biyu, shi ke nan."

Ranar shuka ba a roƙon kowa gayya, kowane namiji yana gonarshi. Kuma irin namu ba zai isa gonakin duka ba, dole a zaɓi ɗaya, ba mu ne masu zaɓa ba.

"Ki tafi Kankara," in ji Inna. "Ko ta taga ce ki gan shi, ki tambaye shi wace gona za mu zuba ma irin. Ni da ke mu lallaɓa mu yi abin da muka iya."

Abin da ya kai ni ke nan. Ban je roƙon kowa ba, ban ma san ana roƙo ba. Na goya Uwani na fita titi, wani direban tifa ya tausaya ya ce mu hau bisa tsakuwa.

Kotun wani gini ne mai rufin kwano. A ƙofa wata mota na tsaye, jar laka ta ɓata ta har tagogi. Ɗan sanda ya tare ni.

"Ke, wajen wa kika zo?"

"Wajen baban Uwani."

"Wace Uwani?"

Na juya mashi baya ya ga goyon.

"To, na ga Uwani. Uban nata wa ke sunanshi?"

Na sunkuyar da kai. A wajenmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, ni kuwa tunda aka kawo ni gidan bai taɓa fita bakina ba.

Ya ce, "Baiwar Allah, duk waɗanda ke ciki ubannin wasu ne."

Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a gefe ta ce, "Bar ta ta shiga, Kofur. In an fito da shi za ka ga ta rufe fuska, sai ka gane."

Ya yi dariya ya matsa. Na raɓa na zauna a bencin ƙarshe.

Na zaci zan ga dattijo da rawani. Sai ga yaro siriri, bai fi ƙannen maigidana ba, cikin baƙar kwat a wannan zafin, yana ta share wuya da hankici. Ƙasan wandonshi duk laka. In zai rubuta sai ya yi Turanci, in ya ɗago ya yi Hausa, irin tamu sak, har da yadda muke jan magana. Daga baya na ji an ce ɗan manomi ne, daga wani ƙauye a wajen Sabuwa.

Aka fito da maigidana. Ya rame, babu hula. Wani Sajan ya karanta cewa ya shiga gandun daji ya kayar da itace.

Majistare ya ce, "Ka ji abin da aka ce. Haka ne?"

"Ranka ya daɗe, shiga na shiga. Rassa na sassare ma saniya. Ban kayar da itace ba."

Sajan ya miƙe ya ce ma'aikacin da ya kama shi ya tafi kwas, babu mai shaida, a ɗaga shari'ar zuwa rangadi na gaba, a ci gaba da tsare shi tunda ba shi da mai beli. Na tambayi matar da ke kusa da ni yaushe ne rangadi na gaba. Ta ce sai wani watan ya tsaya. Kafin nan shuka ta wuce, noman farko ya wuce, shekara ta tafi.

Majistare ya yi rubutu, ya aje alƙalami. Ya dubi maigidana.

"Ina ne garinku?"

"Bayan Yargoje, ranka ya daɗe."

"Na baro Sabuwa sun gama shuka. Faskari na iske suna ciki. An yi ruwa wajenku?"

"Ranka ya daɗe, inda nake kwana ba a ganin sama. Na dai ji ƙara bisa kwano."

Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗaga kai ya dubi benci-benci ya ce, "Akwai wanda ya fito daga wajen Yargoje yau?" Sannan ya yi shiru yana jira. Babu wanda ya motsa. Shirun ya yi tsawo har na ji numfashin Uwani a bayana.

Sai na ji bakina ya ce, "An yi."

Kofur ya ce, "Ke, ba a magana nan."

Majistare ya ce, "Ƙyale ta. Wace ce?"

"Matarshi ce, ranka ya daɗe. Ta ƙi faɗin sunanshi."

"Ba za ta faɗa ba. Taso, Malama."

Na miƙe. Maigidana ya waiwayo ya gan ni, ya yi sauri ya mai da kai.

Majistare ya ce, "Yayyafi aka yi ko ruwan shuka? Danshi ya kai ina?"

Sai na ɗaga hannun dama, na kama wuyanshi da na hagu, daidai inda ya kai ma Inna. Ya dubi hannun sosai, ya kaɗa kai.

"Kuna da iri?"

"Gero. Kaɗan."

"Akwai wani namiji a gidan?"

Na girgiza kai.

Sajan ya ga inda maganar ta nufa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan in an sake su ba su dawowa. Daji za su shige."

"Sajan, mutumin da ya zuba irinshi na ƙarshe a ƙasa, ina za shi? Daga yau har kaka kowa ya san inda za a same shi." Ya juyo ga maigidana. "Doka ta ba ni dama in sake ka bisa alkawarin bakinka. Ka ji da kyau, ban ce ba ka da laifi ba, ban saurari shari'ar ba tukuna. Ka je ka yi shuka, ka yi noman farko. In sabon wata ya tsaya, Litinin ɗin da ta biyo, ka zo ka tsaya inda kake tsaye yanzu. In ka ƙi zuwa, Sajan zai tuna mani, kuma gaskiyarshi. Baɗi in wani manomi ya tsaya nan, ba ni da bakin magana. Ka yarda?"

"Na yarda, ranka ya daɗe."

Ba shi kaɗai ba. Duk manomin da laifinshi bai taka kara ya karya ba, haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ne garinku, an yi ruwa. Wani da ake tuhuma da satar shanu ya yi saurin cewa su ma an yi ruwa garinsu, majistare ya ce Allah ya sa albarka, aka mai da shi ciki.

A hanya maigidana na gaba ina biye. Sai da muka bar titi ya duƙa ya damƙi ƙasa ya murza.

"Ashe kina magana gaban alƙali."

"Ni ma ban san ta fito ba."

"A gida sai an yi tambaya uku kafin ki amsa."

Da muka isa gida ko ruwa bai tsaya sha sosai ba. Inna ta fasa bakin tulu, ya ce gonar gangare za a zuba, ta fi riƙe danshi. Yana gaba yana sara da sungumi, ina biye ina jefa iri ina takewa da dunduniya, Inna na gindin kanya da Uwani tana yi mana faɗa wai ina jefawa da yawa. Jiri na ɗibata, cikina babu komai, amma ƙasar na da sanyi a tafin ƙafa, ban taɓa jin daɗin taka abu kamar na rannan ba.

Majistaren bai daɗe a kujerar ba. Bayan 'yan shekaru maigidana ya dawo daga Kankara ya ce an kawo wani, wancan ya koma makaranta. Wasu suka ce manyanshi ne ba su son yadda yake aiki, wasu suka ce shi ne ya ga koyarwa ta fi mashi. Ni ban sani ba. Na dai ji haushi, na ce mutum yana kan kujera ana ce mashi ranka ya daɗe, ya sauka ya kama alli? Wa zai riƙa tambayar manoma ruwa? Maigidana ya ce, "Ke da kike ɗiyar manomi. In zangarniya ta yi kyau ai ba tuwo ake yi da ita ba, iri ake ajewa." Tun daga nan labarinshi sai jefi-jefi, an ce ya tafi ƙasar waje ƙarin karatu, an ce ya rubuta littattafai, an ce ya zama Farfesa. Maigidana har ya rasu, in ya ji an ambace shi, sai ya ce, "Mutumina."

Amma a waccan daminar ban san duk wannan ba. Abin da na sani shi ne akwai Litinin tana zuwa.

Gero ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke. Ganyen ya nannaɗe kamar tsinke, maza suka fita bayan gari roƙon ruwa, mu muna cikin gida muna amsawa da amin. Allah ya sake saukowa da shi. Daga nan ƙasa ta farka. Tafasa ta fito, rama ta fito, saniya ta samu ɗanyar ciyawa ta yi ta zawo kafin cikinta ya saba. Yunwar damina ta fi ta bazara cizo, domin ga aiki ga babu, amma aƙalla akwai ganye. Mukan dafa tafasa mu matse, mu barbaɗa ɗan ƙuli in akwai, mu ci mu sha ruwa. Nonona ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Noman farko da gayya aka yi shi, tsofaffi ne da 'yan mazan da tifa ba ta kwashe ba. Babu makaɗi, babu fura, kunun kanwa ne tsararo muka kai masu, suka sha babu wanda ya ce uffan. Yau gonar wannan, gobe ta wancan, har aka zagayo.

Ni kuwa wata nake kallo. Ban taɓa jin tsoron wata ba sai a shekarar. Yana raguwa, ina raguwa. Da magaribar da yara suka yi ihun ya tsaya, ina tsaye da muciya, sai na fara ƙirga kwanakin da suka rage zuwa Litinin.

Washegari Baba Ɗanjuma ya zo, ya iske maigidana yana gyara ƙotar fartanya a tsakar gida.

"Na ji wai kana shirin komawa."

"Litinin, Baba, in Allah ya kai mu."

"Kai wane irin mutum ne? An buɗe maka ƙofa ka fito, ka koma ka ƙwanƙwasa? Yaron nan mutum nawa ya gani tun rannan? Ya manta da kai. In ma kana tsoro, bi ƙannenka Kaduna ka kwana biyu."

"In na tafi Kaduna wa zai yi maimai?"

"In anka ɗaure ka wa zai yi? Ciyawa ta cinye geron, ka tashi babu shari'a babu hatsi."

Gaskiya ya faɗa, abin da ke hana ni barci ke nan. Maimai na gaba, huɗa na gaba, geron bai wuce gwiwa ba. Wata uku kacal in aka ba shi, mun koma inda muka fito, kuma wannan karon babu tulu a ɗakin Inna.

Inna na tsinkar rama, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam Ɗanjuma, ranar da anka nemi mai tsayawa ba a samu ba. Yaron ga bai nemi kowa ba, bakinshi ya karɓa. Bakin ne za a ce babu?"

Baba ya karkaɗe riga ya ce shi dai ya faɗi tashi.

Da ya fita maigidana ya dube ni. Ba ya cika tambayata shawara ba. Ya ce, "Ke fa, me kika gani?"

Na ce, "In ka tafi ina tsoro. In ka zauna, duk motar da ta tsaya a titi sai na ce su ne."

"To tunda duk tsoro ne, bari in ɗauki wanda ke da ranar ƙarewa."

Ranar Litinin bayan sallar asuba ya sa rigarshi ta Juma'a, ya naɗe bargo ya saɓa. Ganin bargon ne ya karya mani zuciya. Ya kai ni bakin gona ya nuna mani inda ciyawa ta fi ƙarfi, ya ce in ba a ga dawowarshi ba, nan za a fara, kuma kome ya yi zafi kada a sai da saniya. Ya leƙa fuskar Uwani, ya wuce.

Na kasa zama a gida. Na bar ma Inna yarinyar, na ɗauki fartanya na tafi gangare. In yi sara biyu in ɗago in dubi hanya. Mai itace ya wuce, na ce shi ne. Wani bisa jaki ya wuce. Da azahar aka yi ruwa, na fake a gindin kanya, ya ɗauke na koma. Inna ta biyo ni da Uwani wai ta kawo ta ta sha nono, amma na ga ita ma hanyar take kallo. Inuwa ta fara tsawo. Na fara shirya yadda zan yi da huɗa, da wanda zan roƙa, da abin da zan ce ma Baba.

La'asar sakaliya sai ga mutum can nesa, ya lulluɓe kai da bargo. Ban yarda ba sai da na ga tafiyar.

Ya iso ya yi sallama kamar daga kasuwa yake. Inna ta ce, "To?"

"An ɗaure ni."

Na ji ƙasa ta juya.

"Ɗaurin talala. Shekara guda ina gida, in aka sake ganina da gatari a dajin, a haɗa mani da na baya."

Inna ta ce, "Kai dai Allah shi shirye ka, ka tashi kashe yarinya. Talala? Ai dama a talala kake, daga gida sai gona."

Ya zauna bisa kunya ya ba mu labari. Ya ce duk waɗanda aka saka sun dawo. Mutum ɗaya ne, na wajen Faskari, har aka kusa tashi bai zo ba. Majistare ya mai da sunanshi ƙarshe, yana shari'a yana duban ƙofa, Sajan na ta gyaran murya. Can sai ga mutumin jiƙe sharkaf, rafi ne ya cika ya tare shi, da riga a ka ya ƙetare. Ya ce Sajan da kanshi ya ba mutumin benci.

A shari'ar maigidana kuwa, ma'aikacin gandun daji ya zo, ya faɗi gaskiya, rassa ne, itacen na nan tsaye.

"Amma fa majistare ya wanke ni da faɗa," in ji shi. "Ko murmushi bai yi mani ba. Ya ce shiga na shiga, sara na sara, laifi ne. Wai in kowa ya ce saniyarshi ta fi, ɗiyar da aka goyo rannan ina za ta samu inuwa in ta girma. Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Ya ce in tashi in tafi, ciyawa ba ta jira."

Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inda na nome.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Geron da kika sare ya fi ciyawar yawa."

Ya tuɓe rigar Juma'a ya miƙa ma Inna, ya karɓi fartanyar daga hannuna ya duƙa. Ban je ɗora tukunya ba. Na zauna nan bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa, Uwani a cinyata tana sha, ina kallon bayanshi yana nisa cikin geron. Duk saran da fartanyar ta yi sai in ce alhamdu lillahi, in sa yaron nan mai baƙar kwat cikin addu'a, wanda a lokacin ko sunanshi ban sani ba.